Lauyar da na biya don ta nemo mini aibin gidan da nake so

Shekara tara ina zaman haya a Mancesta kafin na yi ta maza na fara neman gidan kaina. Ranar da mai gidan ya karɓi tayina, ko zama ban yi ba na kira Yaya a Kano na ce ya taya ni murna, ciniki ya faɗa. Ya ce Allah ya sa albarka, yaushe za a tare? Na ce ƙarshen wata in Allah ya yarda. Wata huɗu cur aka yi kafin mukulli ya zo hannuna, kuma duk tsawon lokacin nan ba wanda ya fi ba ni haushi kamar lauyar da ni da kaina na ɗauka nake biya.

Abin da ta fara gaya mini shi ne in rage murna, don har yanzu ba a yi komai ba. A Ingila da Wales, cinikin gida ko fili ba ya ɗaure kowa sai an rubuta an sa hannu, haka wata doka ta 1989 ta tanada. Kafin ranar da lauyoyin ɓangarori biyu za su yi musayar takardun yarjejeniya, mai gida yana iya karɓar tayin wani da ya ƙara kuɗi, ya bar ka da asarar abin da ka kashe wa lauya da mai duba gini. Har suna suka ba abin, gazampin, kuma ba laifi ba ne a doka. Wannan ban taɓa iya haɗiye shi ba. Mu mun tashi da hadisin da ya hana mutum ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. A gida in dattijo ya ce “na sallama” a gaban shaidu, ya karɓi kafin alƙalami, to ko da wani ya zo da ninki biyu akwai kunyar da za ta riƙe shi. Nan babu wannan kunyar, kuma ba zan yi musu karar cewa tsarinsu ya fi namu ta wannan fuska ba.

Amma daga nan sai matar ta shiga aikinta, ni kuma na fara ganin abin da ba mu da shi.

Ta ciro takardar gidan daga ofishin rajistar ƙasa, wanda aka kafa tun 1862. Kowa ma zai iya, fam 7 ne ta intanet, ka ga sunan mai gida da bankin da ke binsa bashi a kansa da duk wani sharaɗi da aka ɗora wa filin. Ta aika wa ƙaramar hukuma tana tambaya ko akwai shirin fitar da titi ta wurin, ko an taɓa kama mai gidan da gini ba izini. Ta tambayi kamfanin ruwa inda bututun ƙazanta ya bi, don in ya ratsa bayan gida ba za ka ƙara ɗaki yadda ka ga dama ba. Ta nemi bayanin ambaliya. Ta nemi na tsofaffin ramukan haƙar kwal, tunda yankinmu an daɗe ana haƙa a ƙarƙashinsa kuma ƙasa na iya zaftarewa. Wanda ya ba ni dariya shi ne da ta ce za ta duba ko gidan na cikin filayen da tsohuwar doka ta ɗora wa gyaran cocin gari. Na ce ni Musulmi ne fa. Ta ce dokar fili take bi, ba ruwanta da addinin mai shi. Daga baya na karanta shari'ar Aston Cantlow ta 2003, inda wasu ma'aurata suka gaji gona suka ƙare da biyan kuɗin gyaran coci da ya haura fam 100,000. Tun ranar na daina dariya.

Shi ma mai sayarwa sai da ya cika takarda mai tsawo: ko ya taɓa rigima da maƙwabci, shingen wane ɓangare ne nasa, me zai bari me zai kwashe, har labule da fitilu. In ya yi ƙarya aka gano, ana iya kai shi kotu.

A nan aka tono abu biyu. Ɗakin girkin da aka ƙara a baya ba shi da takardar shaidar cewa hukuma ta duba ginin, sai da aka sa mai gidan ya sayi inshorar da za ta rufe wannan. Na biyu, ashe ƙasar da gidan ke kai ba tasa ba ce. Haya ce ta shekara 999, abin da suke kira lishol, ana biyan mai ƙasar 'yan fam kaɗan duk shekara. Gidaje da yawa a arewa maso yammacin Ingila haka suke. Ta ce nawa da sauƙi, masu kuka su ne masu ɗakunan bene da wa'adinsu ya sauko ƙasa da shekara 80, bankuna na gudunsu, ƙara wa'adin kuma tsada. Raina ya ɓaci da farko, yaya zan zuba kuɗin rayuwata in zama ɗan haya? Sai na tuna cewa tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha a Najeriya tana hannun gwamna ne, takardar C of O ɗin da muke tinƙaho da ita yawanci shekara 99 ce, kuma sayar da ita ma sai da amincewar gwamna. Nawa ne cikinmu suka taɓa neman wannan amincewar?

Ni dai ban nema ba. Shekarun baya na tura kuɗi Yaya ya saya mini fili awon igiya a bayan gari. A yini ɗaya aka gama. Dillali ya kawo mai fili, aka je gaban mai unguwa, shaidu suka sa hannu, aka yi addu'a, kowa ya karɓi la'adarsa. Na ce a ɗan bincika asalin filin, Yaya ya ce haba, Alhajin nan sahu ɗaya muke sallah da shi, tambaya irin wannan ai cin fuska ce. Bayan shekara biyu sai ga wata baiwar Allah daga gidan aurenta da 'ya'yanta, ta ce gonar gado ce, ba a raba ba, kuma ba wanda ya shawarce ta. Gaskiya ta faɗa. Alhajin ba ɓarawo ba ne, shi a ganinsa babban wa ne, ya isa ya sayar. Sai da na ƙara kuɗi aka yi sulhu, kuma na san na ci sa'a, don wasu har yau suna jeka-ka-dawo a kotu.

Da na sa cinikin biyu a faifai, ban ga cewa Bature ya fi mu amana ba. Bambancin shi ne a wancan cinikin na Kano duk wanda ke wurin, daga dillali har shaidu, ribarsa na cikin ciniki ya faɗa. Ba mutum ɗaya da aka biya don ya ce a dakata. Lauyata kuwa aikinta ke nan, kuma in ta yi sakaci na yi asara, akwai hukumar da ke sa ido kan lauyoyi, akwai inshorar da dole ofishinsu ya riƙe, akwai inda zan kai ƙara. Mai unguwa in ya sa hannu a filin da aka sayar sau uku, wa zai biya ka?

Inda ta fi gasa mini aya a hannu shi ne maganar kuɗi. Dokar hana halatta kuɗin haram ta tilasta mata sanin asalin kowane fam. Wani kaso na kuɗina adashi ne da muke yi mu goma sha biyu. Je ka yi wa Baturiya bayanin uwar adashi. Sai da na kawo bayanan banki na wata da watanni da ke nuna zubi da kwasa. Gudummawar da Yaya ya aiko kuma sai da ya sa hannu a takarda cewa kyauta ce ba rance ba, ya haɗo da fasfo da bayanin asusunsa. Allah ya taimake mu ta banki ya turo. Da ta hannun 'yan canji na Wapa ta biyo, wani ya ba ni tsabar kuɗi a nan, da ba ta karɓa ba. Duk mai niyyar saye ya fara gyara wannan tun shekara guda kafin ya je kallon gida.

Sai ta tambaye ni ko na taɓa mallakar gida a ko'ina a duniya. Sassaucin harajin sitam, wato harajin sayen gida, da ake yi wa mai sayen gidan farko, wanda tun Afrilun 2025 ke yafe haraji kan fam 300,000 na farko, ba ya shafar wanda ya taɓa mallakar gidan zama, ko a Kano ne, ko da gado ya ci. In kuma har yanzu kana da gidan da ya kai fam 40,000, ana iya ɗora maka ƙarin harajin kashi 5 cikin ɗari na kuɗin gidan da kake saye. Nawa fili ne ba gini, na tsira. Mutanenmu da yawa sukan ce a'a a wannan tambayar ba tare da sun tuna gidan Baba ba.

Tambayarta ta ƙarshe ita ta hana ni barci: ni da matata, yaya za a rubuta mu? Akwai rubutun da in ɗaya ya rasu gidan duka ya koma wa ɗayan kai tsaye, wasiyya ma ba ta taɓa shi. Akwai wanda kowa ke da kasonsa, ya shiga cikin dukiyar da zai bari. Ga Musulmin da ke son a raba gadonsa yadda Allah ya ce, har iyayensa da ke gida su samu sudusinsu, na biyun ne hanya, tare da rubutacciyar wasiyya. Shi muka zaɓa bayan mun tambayi malami. Dillali bai taɓa tayar da wannan maganar ba, kuma da ba ta tambaya ba da na sa hannu a na farkon.

Ranar musayar takardu na biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gidan, bayan mako biyu aka kira ni in je in karɓi mukulli.

Bana Yaya ya sake samo mini wani fili, wannan karon awon gwamnati. Na ce kafin a ba da ko sisi a ɗauki lauya ya je KANGIS, ofishin rajistar filaye na Kano, ya duba fayil ɗin, ya kuma zauna da magada in akwai. Ya yi shiru a waya, sannan ya ce, “Lauya kuma? Ai ba rigima ake ba.” Na ce na sani, Yaya, a dai ɗauka, ni zan biya. Har yanzu muna kan maganar, dillalin kuma yana ta kira wai akwai wani mai so.