A bar wa malamin bayoloji darasinsa, a bar wa malamin addini nasa

A Amurka, inda nake zaune da iyalina, akwai gardamar da ta shekara ɗari ba ta kwanta ba. Idan malamin bayoloji a makarantar gwamnati ya koyar da juyin halitta, wato ra'in cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya, wanda aka fi sani da sunan Darwin, shin ya kamata ya kawo labarin halitta na littafin addini ya ajiye kusa da shi, ya ce yara su zaɓa? 'Yan'uwa Musulmi da yawa a nan, har da Hausawan da muke haɗuwa da su a masallaci, suna ganin hakan shi ne adalci. Ni ban yarda ba. Na yi imani Allah ne Ya halicci komai, a kan haka nake tarbiyyar 'ya'yana, kuma wannan imanin ne ya sa ba na so a kai shi ajin bayoloji.

Rigimar ta fito fili a 1925 a garin Dayton na jihar Tennessee, inda aka gurfanar da wani malami, John Scopes, saboda ya koyar da juyin halitta alhali dokar jihar ta haramta, aka ci shi tarar dala 100. A 1968 Kotun Ƙoli ta soke irin wannan haramcin a jihar Arkansas. Sai masu ra'ayin suka sake salo, suka ce to a koyar da duka biyun daidai wa daida. Jihar Louisiana ta yi dokar haka, Kotun Ƙoli ta rushe ta a 1987. Suka sake dawowa, wannan karon ba su ambaci Allah ba, suka ce akwai "wani mai tsarawa mai hikima". A garin Dover na jihar Pennsylvania, hukumar makarantu ta tilasta a karanta wa ɗalibai sanarwa a kan haka. Malaman kimiyya suka ƙi karantawa, iyaye goma sha ɗaya suka kai ƙara. A Disamban 2005 alƙali John Jones, wanda Shugaba Bush ya naɗa, kuma mutum ne mai zuwa coci, ya yanke hukunci cewa wannan addini ne aka sauya wa suna. Gundumar ta biya sama da dala miliyan ɗaya kuɗin shari'a.

Abin da ya fi damuna a labarin Dover shi ne sai da masu imani suka ɓoye sunan Ubangijinsu kafin su nema masa wuri a aji. Wannan ba girmama addini ba ne.

Amma na fahimci abin da ke ci musu rai. Tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati ɗaukar nauyin wani addini, kuma tun 1962 kotu ta hana makarantun gwamnati jagorantar addu'a. Yaro zai yi shekara goma sha biyu yana zuwa makaranta ba tare da wani malami ya koya masa aƙidarsa ba. Mu da kanmu muke kai namu Islamiyyar ƙarshen mako, da motarmu da kuɗinmu. Uban da ya ga an rufe masa ko'ina, dole idonsa ya koma kan ajin bayoloji.

Mu a gida ba haka abin yake ba, kuma wannan ni'ima ce da ba mu cika lura da ita ba. A makarantar gwamnati a Kano ko Zariya ko Jos, darasin addinin Musulunci yana da lokacinsa, na Kirista yana da nasa, har jarrabawar WAEC da NECO ake rubutawa a kansu. Da yamma ga Islamiyya, ga makarantar allo. Yaron da ya ji labarin masana juyin halitta Lamarck da Darwin da safe, kafin magariba ya zauna gaban malamin da zai karanta masa ƙissar Annabi Adamu, alaihis salam, da tafsirinta. Abin da Ba'amurke mai addini ya yi shekara ɗari yana nema ta bayan gida, mu mun same shi ta ƙofar zaure. To me zai sa mu ɗauko rigimarsu?

Sannan a tambaya, labarin halitta na wa za a koyar? Da yawa daga cikin masu wannan fafutika a Amurka suna cewa duniya shekararta dubu shida ne zuwa dubu goma, lissafin da ya samo asali daga ƙirga zuriyoyin da ke cikin Baibul. Alƙur'ani bai ba mu wannan adadi ba. Musulmin da ya sa hannu a takardar neman a koyar da "duka biyun" a nan, sau da yawa bai san fassarar wata coci yake nema wa ɗansa ba. A gida kuma, a ce aji ɗaya a Kaduna mai yara Musulmi da Kirista, malamin bayoloji wanda bai karanci tauhidi ba, bai karanci tiyoloji ba, shi ne zai tsaya yana auna nassi da ƙasusuwan da aka tono? Wanda ya san Kaduna ya san inda hakan zai iya kai mu.

Inda muke da rauni daban ne. Babin juyin halitta yana cikin manhaja, amma a ajin da na zauna, da azuzuwan da 'ya'yan 'yan'uwana suke zama yanzu, ana bi ta kansa ne da gudu. Malam ya ce, "Ku haddace don jarrabawa, amma ƙarya ce, wai mutum daga biri ya fito." Shi ke nan. Yaro ya tashi bai san ra'in bai ce biri ne ya haifi mutum ba, kuma bai san babin ya shafi gidansu kai tsaye ba.

Ga cutar sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da jinin AS. Me ya sa ya yawaita a wajenmu, ya yi ƙaranci a Ingila? Saboda mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka a ƙasar sauro yaran da ke da shi sun fi rayuwa su hayayyafa. Tun 1954 masanin kimiyya Anthony Allison ya nuna haka a Gabashin Afirka. Ga kulorokwin da muka tashi muna sha. Ƙwayar cutar maleriya ta sauya har ta daina jin sa, wajen 2005 Najeriya ta koma ga magungunan ACT, wato haɗin magunguna masu ɗauke da atemisinin. Sauro ma yana ta sabawa da maganin da ake sa wa gidan sauro. Likitan da ya ce ka shanye maganinka duka ko da ka ji sauƙi, wannan ilimin yake aiki da shi. Yarinyar da ke son zama likita ko mai haɗa magani, in an tsallake mata babin, an cuce ta, an cuci majinyatanta.

Hujjojin ma a maƙwabtanmu ake tono su. A 2001 aka gano ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum, da aka sa wa suna Toumaï, a hamadar Djurab ta Chadi, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara miliyan bakwai. A Gadoufaoua ta Nijar aka haƙo ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun fil azal. Turawa suna tahowa daga Faransa da Amurka su yi nazari, namu yaran ba su ko ji labari ba.

Na san inda gizo ke saƙar, batun Annabi Adamu ne. Ba ƙaramar tambaya ba ce, kuma ba na son a yi kamar babu ita. Idan ɗana ya kawo mini ita, ina gaya masa abin da na yi imani da shi, ina gaya masa abin da masana kimiyya suka gano da yadda suka gano shi, sannan in kai shi wajen malamin da ya fi ni sanin nassi. Abin da nake roƙon malamanmu na addini shi ne su zauna su karanci wannan babin da kyau kafin su amsa, domin yaron yau yana da waya a hannu, kuma in ya gano malam ya faɗi abin da ra'in bai faɗa ba, ba Darwin zai fara zargi ba. Kwalejoji da jami'o'in ilimi na Kano da Zariya da Sakkwato suna horar da malaman bayoloji da na addini a harabar guda, kuma a can ya kamata a fara haɗa su su tattauna wannan babin kafin a tura su aji.