Hawan jini, tsoron takardu da maijego: aikin lafiya a gidajen 'yan Haiti mazauna Amurka

Duk Bahaushen da ke zaune a Boston ko New York ko Miami yana cuɗanya da 'yan Haiti kullum, ko ya lura ko bai lura ba. Da yawansu ne ke kula da tsofaffi a gidajen jinya, su ne direbobin tasi da motocin makaranta, kuma unguwanninsu sanannu ne: Mattapan a Boston, Flatbush a Brooklyn, Little Haiti a Miami. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kuɗin wayar musu da kai kan lafiya ke ƙarewa a buga takardu da taron yini ɗaya. Abin da ke aiki shi ne a ɗauki ɗan cikinsu, a horar da shi, a biya shi albashi, ya riƙa komawa gida ɗaya sau biyar, sau shida. Mu 'yan Arewa mun riga mun yi wannan karatu da tsada a kan rigakafin shan inna.

Rashin yardar ɗan Haiti da likitan Amurka yana da tushe. A 1983 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta lissafa rukunonin da ta ce sun fi haɗarin ƙanjamau, ta sa 'yan Haiti a ciki don asalinsu kawai. An cire su a 1985, amma kafin nan mutane sun rasa ayyuka, yara sun sha gori a makaranta. A 1990 aka hana su ba da jini, har dubban mutane suka tsallaka gadar Brooklyn a ƙafa ranar 20 ga Afrilu, aka janye dokar daga baya. Can gida kuma, bayan girgizar ƙasar Janairun 2010, kwalara ta ɓarke a watan Oktoba daga sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal, ta bi kogin Artibonite ta kashe mutum kusan 10,000. Sai a 2016 Majalisar ta nemi gafara. Dattijuwar da ta ga waɗannan da idonta, idan baƙo ya zo da allura yana cewa taimako ya kawo, tana da hujjar tsayawa ta dube shi.

Mutumin Kano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, aka kai tsakiyar 2004 kafin a dawo da shi. Abin da ya gyara lamarin a hankali shi ne shigowar sarakuna da malamai, da matan unguwa da aka ɗauka suna shiga gida-gida, da kuma sauraron ƙorafin da iyaye suka daɗe suna yi, cewa ɗigon shan inna kyauta yake zuwa har ƙofa amma maganin zazzaɓi sai da kuɗi.

Sai dai akwai bambanci babba. A gida muna da tsani: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Magana ta fito daga fada, ta sauka har zaure. Ɗan Haiti a Amurka ba shi da wannan. Amanarsa tana hannun fasto ko limamin cocin Katolika, da mai gabatar da shiri a rediyon Kiriyol, wato harshensu na gida, da matar da ke riƙe da kuɗin adashi. Adashinsu sòl suke ce masa, mai riƙe shi kuma manman sòl, uwar adashi sak. Matar da mutum ashirin ke danƙa wa kuɗinsu duk mako ta san wanda ya rasa aiki, ta san mai ciki, ta san wanda ya daina fita. Duk shirin da bai fara zama da irin waɗannan mutane ba, zai kafa rumfa ya yini da kujeru babu kowa.

Kuskuren da ya fi yawa a asibiti shi ne kiran tafintan Faransanci. Harsunan hukuma a Haiti biyu ne tun tsarin mulkin 1987, amma Kiriyol ne kowa ke ji, Faransanci kuwa na waɗanda suka yi makaranta mai zurfi ne. Mara lafiya kan gyaɗa kai don kada a ce bai yi karatu ba, ya fita bai fahimci komai ba. Takardar da aka rubuta da Kiriyol ma ba ta warware matsalar, domin manya da yawa da Faransanci aka koya musu karatu, kamar a miƙa wa wanda ajami ya sani rubutun boko. Saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp ya fi takarda isa. Doka ta wajabta wa asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ya samar da tafinta kyauta, kuma bai kamata a sa yaro ɗan shekara goma ya fassara wa uwarsa ciwon mahaifa ba. Zai ji kunya ya tsallake rabin maganar, ita ma ba za ta faɗi rabin abin da ke damunta ba.

Hawan jini, wanda suke kira tansyon, shi ne babban aikin. A ɗakin ƙarƙashin coci bayan ibadar Lahadi za ka ga tebur, na'ura ɗaya, layi mai tsawo. Mutum ya sauko daga bene, ya sha kofi, ana aunawa yana gaisawa da jama'a, hannun riga a naɗe ya matse damtse. Wannan awo ba shi da amfani. A bar shi ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, babu magana. Kada ya kasance ya sha kofi ko taba cikin rabin awa. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. A tanadi maɗauri babba, domin ƙarami a kan damtse mai kauri yana ɗaga lamba fiye da gaskiya. Likitocin Amurka suna fara kiransa hawan jini daga 130 bisa 80. Wanda ya kai 180 bisa 120 kuma yana jin ciwon ƙirji, ko numfashi na yi masa wuya, ko magana ta karkace, motar asibiti za a kira nan take.

Bayan awon ne aikin ke mutuwa. An ce wa mutum jininsa ya hau, an ba shi takarda mai adireshi, shi ke nan. Ya kamata kafin ya tashi a kira asibitin unguwa a gabansa a karɓar masa rana, a rubuta lambar bas, a kira shi jajibirin ranar. Bayan mako biyu a je gidan a ce ya fito da duk magungunansa a zube a kan tebur. A nan ake ganin gaskiya: kwalba ta ƙare tun watan jiya, domin ya ɗauka kamar maganin zazzaɓi ne, a sha a warke. Ba wanda ya nuna masa ƙaramar lambar da ke jikin kwalbar mai nuna sau nawa zai sake karɓa ba tare da ganin likita ba. Wata kwalbar kuma cike take, ya bari don maganin hawan jini na amlodipine ya kumbura masa idon sawu, ko na lisinopril ya sa shi busasshen tari. Duka biyun likita na iya canza su idan ya ji. Kafin a tashi, a ce ya maimaita da bakinsa wanne yake sha da safe, wanne da dare. Tambayar "ka gane?" amsarta kullum e ce, a Kiriyol da Hausa duka.

Kicin ɗinsu kuwa ba baƙo ba ne gare mu. Dunƙulen Maggi yana cikin shinkafa da wake da miya kamar namu, ga busasshen kifi mai gishiri. Kusan rabin dunƙulen gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Cewa uwargida ta daina sawa gaba ɗaya ɓata baki ne. A ce ta rage daga uku zuwa biyu, bayan mako biyu zuwa ɗaya, ta ƙara epis, niƙaƙƙen haɗinsu na tafarnuwa da albasa mai lawashi da ganyaye da tattasai, ta jiƙa kifin ta zubar da ruwan sau biyu. Haka shayin ganye, te fèy. Wanda ya yi masa dariya ba za a sake faɗa masa gaskiya ba. A tambayi wane ganye ne, sau nawa ake sha, a rubuta wa likita, a roƙa kada ya maye gurbin ƙwayar.

Tarin fuka yana da tarko da ya shafe mu mu ma. Haiti da Najeriya da Nijar duk suna yi wa jarirai allurar BCG ta rigakafinsa, ita kuma tana iya sa gwajin fata ya nuna cuta alhali babu. Wanda aka yi wa ita ya nemi gwajin jini. In ya tabbata ƙwayar na kwance a jiki, a bayyana masa cewa ba ya yaɗa ta ga kowa, domin tsoron tsangwama ke sa mutane gudu. Maganin na iya zama sau ɗaya a mako har mako 12, ko kullum har wata huɗu. A faɗa tun farko cewa fitsari zai koma ruwan lemo, kuma maganin yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Wanda ba a gargaɗa ba, ranar da ya ga launin fitsarinsa ranar zai daina sha.

Wurin da kamancin ya fi taɓa ni shi ne jego. Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma Haiti da arewacin Najeriya suna cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Likitocin Zariya sun daɗe da rubutu a kansa, suna danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Su ma matan Haiti suna da wankan ganye na bayan haihuwa da zaman ɗaka cikin ɗumi. Haɗarin a nan shi ne maijego ta kwana uku tana haki, kakar jariri ta ce gajiyar haihuwa ce. Alamomin da za a koya wa dukan gidan, har da miji: ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, tari da dare, kumburin ƙafa da ke ƙaruwa, bugun zuciya da sauri, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani. Ko ɗaya ta bayyana, asibiti ranar, kuma ta faɗa a bakin ƙofa cewa ba ta daɗe da haihuwa ba. A ziyarar gidan maijego ce ake tayar da zancen lòk, haɗin man zurma da wasu kakanni ke ɗura wa sabon jariri don wanke ciki, irin yadda wasunmu ke zubar da dakashi su ba jariri ruwa. Da kakar za a yi maganar, cikin ladabi, domin ita ke yanke hukunci.

Tsoron da ba mu sani ba a gida shi ne na takardun zama. Izinin wucin gadi da aka ba 'yan Haiti bayan girgizar ƙasar 2010 ya sha shiga kotu, ƙaryar da aka yaɗa a 2024 cewa 'yan Haiti mazauna Springfield ta jihar Ohio na cin karnuka da kuliyoyin mutane kuma ta sa iyalai kulle ƙofa. Don haka fom ɗin taron awo kada ya tambayi matsayin zama ko lambar shaidar aiki. Suna da lambar waya sun isa. Ma'aikaci na iya faɗin abin da yake tabbatacce, cewa wata dokar tarayya ta 1986 ta hana sashen gaggawa korar mara lafiya don rashin kuɗi ko takarda. Sauran tambayoyi a tura su ga lauyan shige da fice, domin ƙa'idojin suna canzawa, kuma alkawari ɗaya da ya tashi ƙarya zai zagaye coci kafin Lahadi ta zagayo.

Wannan salon aiki na ɗaukar ɗan unguwa ya riƙa shiga gida yana da tushe a Haiti kanta. Ƙungiyar Zanmi Lasante, wadda marigayi Dakta Paul Farmer yake cikin waɗanda suka kafa ta a ƙauyen Cange, ta ɗauki maƙwabta tana biyansu su kai wa masu tarin fuka da ƙanjamau magani kullum, daga baya aka kwaikwayi tsarin a Boston. A Little Haiti ma masu bincike na Jami'ar Miami sun tura mata masu jin Kiriyol gida-gida da kayan gwajin sankarar bakin mahaifa da mace za ta ɗauka da kanta, mata da yawa da ba su taɓa zuwa gwaji ba suka yi. Matsalar ita ce irin wannan aiki a nan yawanci a kan tallafin shekara ɗaya ko biyu yake tafiya. Tallafi ya ƙare, matar da gidaje arba'in suka saba da muryarta ta koma aikin gidan jinya, lambar wayar da aka rubuta a jikin firji ta daina shiga. Duk mai rubuta kasafin irin wannan shiri ya fara sa albashinta na shekaru, da kuɗin bas da na waya, da ma'aikaciyar jinyar da za ta kira idan awo ya tsorata ta, kafin ya sa ko sisi a buga takarda.