Jerin sunayen sarakuna ba shi ne tarihin gari ba

Duk wanda ke cikin gurup ɗin WhatsApp na ƴan garinsu ya san abin da zan faɗa. Da an yi rasuwar wani sarki ko mai gari a jihar nan ta Zinder, tun ba a yi sadakar bakwai ba takardu sun fara yawo, "Taƙaitaccen tarihin garin kaza", shafi huɗu ko biyar, babu sunan wanda ya rubuta, ba a faɗi daga bakin wa aka ji ba, kuma duk inda labarin ya zaga sai ya ƙare a ƙofar gida ɗaya. Kwana biyu ɗaya gidan su ma su fito da tasu, wanda waccan takarda ta ce shi ya sari gari a nan ya koma baƙo da aka ba masauki. Yara su ɗauka su ɗora a TikTok da busar algaita a ƙarƙashi. Yanzu abin ya wuce waya, ana kai shi wurin masu buga takardu ya fito ƙaramin littafi, a kira taro a ƙaddamar, mai kuɗin garin ya sayi kwafi ɗaya jika ɗari, a tashi an ce an rubuta tarihi. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, don ana yi mana ɓarna ne da sunan gyara.

Ku karanta uku daga cikinsu, za ku ga labari ɗaya ne aka canja wa suna. Kakan kakanni ya taso daga gabas, in marubucin na da kunya ya tsaya a Barno, in ba shi da ita ya kai shi Yaman ko Makka. Maharbi ne ko malami, ya sauka gindin wata kuka, ya haƙa rijiya, ya haifi wane, wane ya yi shekara arba'in, ya haifi wane. Shi ke nan. Gari mai shekara ɗari biyu ko fi, da maƙeransa da marinansa da mahautansa da matan da suka yi daka suka ɗebo ruwa suka yi goyo, duk an matse shi ya koma sunan mutum goma sha biyu ƴan gida ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙasar nan ta Nijar sarautar kanto zaɓe ake yi, masu gari ne ke jefa ƙuri'a, amma kafin mutum ya tsaya sai ya nuna cewa bisa al'ada gidansu na da gado. To takardar tarihi ta zama makamin neman sarauta, ana rubuta ta ne don ta shiga dosiye, ba don jikan mai garin ko jikan bawansa ya san yadda aka yi garin ya zauna ba. Wanda ya rubuta da wannan niyya ba zai taɓa faɗin abin da zai rage wa gidansu ba, kuma abin da ya fi zafi, bayan shekara ashirin wani ɗalibi zai tarar da littafin ya ɗauka hujja ce tunda a buge take.

Kuma su waɗannan jerin sunaye da ake rantsuwa da su, daga ina suka fito? Da yawansu Nasara ne suka fara sa su a takarda. Lokacin da tawagar Tilho ta zo shata iyaka tsakanin yankunan mulkin Faransa da na Ingila, daga 1906 zuwa 1909, tafintansu Landeroin ya bi fadoji yana tambayar asali da jerin sarakuna, bayansa kumandoji, wato jami'an mulkin Faransa, suka riƙa rubuta rahoton kowane yanki. Aiki ne mai amfani, ban raina shi ba, ba don shi ba da abubuwa da dama sun salwanta. Amma a tuna wane lokaci ne. Lokacin da Nasara ke yanka ƙasa kanto-kanto yana naɗa wanda ya ga dama yana tuɓe wanda ya ga dama, a 1906 ɗin nan ne fa aka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa aka kai shi Kodebuwa, aka bar gari a hannun Ballama, wani bafade, sarauta ba ta dawo gidanta ba sai 1923 da Barma Mustafa. Mutumin da aka kira gaban Bature a irin wannan zamani aka ce faɗi kakanninka, ya san sarai abin da amsarsa za ta jawo masa ko ta raba shi da shi. Yau jikokinsa sun kwafo abin da ya faɗa daga faransanci sun mayar hausa suna cewa haka muka gada kaka da kakanni, ba tare da sun tambayi kowa a ɗaya unguwar ba.

Birnin Zinder shi ya yi sa'a. Marigayi André Salifou, ɗan garin nan wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya fitar da bincikensa kan Damagaram ta ƙarni na 19 tun 1971, kuma bai tsaya kan sarakuna kaɗai ba, ya shiga sarautun fada da yaƙi da kasuwanci. Shi ya sa ko yaron lakwal zai ba ka labarin Sarki Tanimun da ganuwa da igwa, da Amadu Kuran Daga da kashe hafsan Faransa Kazamaju a 1898, da yaƙin Tirmini da Faransawa a 1899, da yadda aka ɗauke babban birni aka kai Yamai a 1926. Amma fita kilomita talatin ka tambaya. Mirya da Dungas da Wacha, ƙasashen Sosebaki, suna da sarautarsu tun Damagaram ba ta yi ƙarfi ba, me ɗan Mirya zai karanta da harshensa a kan haka? Kance da Magarya da alaƙarsu da Daura, wadda iyaka ta raba amma aure da kasuwa ba su rabu ba, wa ya zauna ya rubuta wa mutanen wurin? Damargu da ta ciyar da ayarin Agadas da hatsinta fa? Waɗannan ma manya ne. Ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu in sun shiga littafi to a layi ɗaya ne, ranar da aka ci su da yaƙi.

Ni abin da nake kira tarihin gari shi ne wanda zai gaya mini yaushe aka haƙa tsohuwar rijiya, gaba nawa ce, wace shekara ta ƙafe har rabin gari ya tashi ya kafa tunga. Ya gaya mini me ya sa kasuwa ke ci ran Laraba ba ran Lahadi ba, da wane gari aka yi rigima kafin a raba ranakun. Ina marina take, yaushe aka rufe karofi na ƙarshe. Su wa suka mutu a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ina waɗanda suka tsira suka nufa, don akwai zuri'a a Kano da asalinsu wannan gudun ne. Yadda lanho, wato haraji, da aikin tilas suka kori samari suka tsallaka ƙasar Ingilishi, wato Najeriya. Yadda gyaɗa ta shigo ƙasar Matamaye da Magarya ta kawo kuɗi da kwanon rufi da keke, sannan farin shekarun 1973 da 1984 ya zo ya share. Waɗannan abubuwa suna nan a kan tsofaffi, musamman tsofaffin mata, waɗanda ke lissafin shekaru da haihuwa da yunwa da fara, kuma lissafinsu sau da yawa ya fi na maroƙin fada daidai. Amma mai rubuta takardar neman sarauta ba ya shiga cikin gida, a zaure yake tsayawa.

Sai maganar da kowa ke kauce wa, bauta. Damagaram ta yi arziki da bayi, wannan ba zagi ba ne, abin da ya faru ne. Baturen Ingila Richardson da ya zauna Zinder a farkon 1851 ya ga an fita hari wajen Korgom an dawo da mutane a ɗaure, har da mata da yara. To waɗannan mutane daga wasu garuruwa aka kamo su, a wasu garuruwa aka zaunar da su, akwai ƙauyukan da asalinsu rinji ne, akwai waɗanda aka kafa don gudun hari a cikin duwatsu ko kurmi. In ka cire wannan daga tarihin gari ka cire dalilin da ya sa garin yake inda yake. Masu cewa a bar kaza cikin gashinta, tone-tone na kawo fitina, su duba su gani, fitinar da ake yi yanzu a kan sarauta ƙaryar da aka rubuta ce ke hura ta, ba gaskiyar da aka ɓoye ba. Ana iya rubuta yadda abu ya faru ba tare da an nuna gidan kowa da yatsa ba.

Akwai kuma ƴan boko da ke cewa a bar wa masu digiri aikin, ɗan ƙauye bai san hanyar bincike ba. Masu digirin sun yi shekara nawa suna rubuta memuwar da faransanci tana shan ƙura a kabad, ko kwafi ɗaya bai koma garin da aka yi binciken ba, tsohon da ya ba da yininsa ya ba da labari ya mutu bai ji abin da aka rubuta da bakinsa ba. Wannan ma zalunci ne. A Yamai akwai cibiyar bincike ta IRSH da dubban rubuce-rubucen larabci da ajami da aka tara tun zamanin Bubu Hama, akwai cibiyar CELHTO da aka kafa musamman don adana abin da aka ji daga baki, akwai takardun mulkin mallaka a ma'ajiyar ƙasa, wasu a Dakar wasu a Faransa. Mushen lakwal da ke Bande ko Gidimuni wanda ke da sha'awar rubuta tarihin garinsu, ta ina zai kai ga waɗannan? Kuɗin mota zuwa Yamai da dawowa kaɗai ya isa ya sa shi haƙura, tafiyar kusan kilomita 900 ce.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. A watan Satumba na 2024 muna ji muna gani tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya zube saboda ruwan sama, alhali unguwar Birni da fadar sarki suna cikin jerin wuraren tarihi da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2006. Kowa ya yi jimami, hotuna suka zaga duniya. Amma a wannan daminar ta 2024 ɗakuna nawa suka faɗi a ƙauyuka da gafakar malam a ciki, da wasiƙun alƙalai da takardun gado da waƙoƙin ajami da aka rubuta shekarar yunwa? Babu wanda ya ɗauki hotonsu. Tsoho nawa muka kai makwanci bara waɗanda suka ga zamanin kumandan da idonsu? Wanda aka haifa 1940 yau ya haura tamanin. Muna ta murna an ɗaga darajar hausa a ƙasa, ana ta maganar sake rubuta tarihinmu da hannunmu, amma in tsofaffin nan suka ƙare da me za a sake rubutawa, sai dai a koma ga rahoton kumandan ɗin da ake cewa an gaji da shi, da kuma waɗannan takardu na WhatsApp.

Ban ce kada kowa ya rubuta ba, a'a, a rubuta da yawa ma. Sharaɗina kaɗan ne. Wanda ya rubuta ya sa sunansa. Ya faɗi wa ya gaya masa, a wace unguwa, shekararsa nawa. In gida biyu sun saɓa ya kawo duka biyun ya bar su a haka, kada ya zaɓi wanda ya ba shi goro. Ya shiga wurin maƙera da wanzamai da Fulanin da ke bayan gari da Buzayen zango, ya zauna da tsofaffin mata. Wayar da ake yaɗa ƙarya da ita tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoton takarda, ba sai an jira wani purojen Turawa ba. Jami'ar André Salifou ta wajabta wa duk ɗalibin tarihi da ya yi bincike a wani gari ya mayar da taƙaitawa da hausa ko barbarci ko fulatanci ya kai wa mutanen, a karanta a rediyon yankin su ji su gyara masa. Kwaminoni kuma da ke samun kuɗin taron ƙaddamarwa da kujeru da lemo, su ware ko kabad ɗaya ne a ofishin magajin gari da ba ya yoyo, inda za a ajiye kwafin duk abin da aka ɗauka, kuma mabuɗin kada ya zauna a hannun gidan da ke takarar sarauta.