Kafin ka sa a sayo katan ɗin famfas ɗin manya

Wanda ke zaune nesa da iyayensa, idan aka kira shi aka ce tsoho ya fara kasa riƙe fitsari, abin da yake saurin yi shi ne ya sa a sayo katan guda na famfas ɗin manya, mafi girma kuma mafi kauri, ya ji ya sauke nauyi. Niyyar mai kyau ce, amma a ganina nan ne aka fi yin kuskure. Kayan nan iri-iri ne, kowanne da irin jikin da aka yi shi dominsa. Abubuwa uku ne ke raba gardama: yawan abin da ke zuba a lokaci guda, ko mutum na iya kai kansa banɗaki, da kuma wanda zai canza masa. Maganar kauri daga baya take zuwa.

A fara da zubar kanta, domin ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ɗigo kaɗan ke kuɓuce mata in ta yi tari ko atishawa ko ta ɗaga kaya. Akwai wanda fitsari ke matsarsa farat ɗaya, kafin ya kai ƙofar banɗaki ya zubo gaba ɗaya. Akwai namijin da kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya tare masa hanya, mafitsara ba ta juyewa duka, sai ta riƙa tsiyaya a hankali dare da rana. Akwai kuma wanda mafitsararsa lafiya lau take, ƙafa ce ko mantuwa ta hana shi isa a kan lokaci. Mafitsarar babba tana ɗaukar mililita 400 zuwa 600, abin da yake fitarwa a yini kuma yakan kai kusan lita ɗaya da rabi. Tsakanin ɗigon cokali guda da zubar kofi biyu akwai tazara mai yawa, kaya ɗaya ba zai yi wa mutanen nan biyu ba.

Hanyar sanin gaskiya ba ta da wuya. A rubuta na kwana uku: ƙarfe nawa aka canza, me mutum yake yi lokacin da ya zuba. In akwai ƙaramin sikeli, a auna busasshe, a auna jiƙaƙƙe, a cire. Giram ɗaya na fitsari kusan mililita ɗaya ne. Wannan takardar ta fi duk bayanin da za a yi maka ta waya, kuma ita likita zai fara tambaya.

Mai ɗigo kaɗan, ƙaramin ƙunzugu mai manne wa kamfai ya ishe shi. Sai dai mata da yawa audugar al'ada suke ɗauka, saboda ita suka sani kuma sayenta babu kunya. Ba aikinta ba ne. An yi ta don jini, wanda ke da kauri kuma a hankali yake sauka. Fitsari ruwa ne tsinkakke mai saurin gudu, sai ya bi ta gefe, wanda ya tsaya kuma ya zauna a kan fata, zarni ya tashi. Ƙunzugun fitsari yana da shimfiɗar da ke janye ruwa da sauri zuwa ciki, inda wasu ƙwayoyi masu kama da gishiri ke mayar da shi kamar kunu mai kauri su riƙe. Na maza daban ne, mai faɗi a sama da tsini a ƙasa kamar kofi, kuma ba ya zama a cikin gajeren wando mai walawa. Sai da kamfai mai kama jiki.

Babbar gardamar tana tsakanin mai siffar wando, wanda ake zurawa ta ƙafa, da mai manne a gefe, wanda ake buɗewa shimfiɗe. Duk wanda ke tafiya da ƙafarsa yana shiga banɗaki, ina bayan a ba shi na wando. Yana saukewa ya mayar kamar kamfai, ba ya jiran kowa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: dattijon da aka naɗe da mai manne alhali yana iya tashi, yana iya daina ƙoƙarin tashi, abin da ake gudu ya ƙaru. Mai ciwon mantuwa ma ya fi karɓar na wando, domin hannunsa ya saba da shi, mai manne kuwa yakan yage shi ya jefar. Aibinsa a wurin canzawa yake. Cirewa babu wuya, ana yage ɗinkin gefe biyu. Amma sa sabo sai an tuɓe takalmi da wando, wanda a banɗakin hanya ko ga mai ciwon gwiwa wahala ce. Kuma ba ya matsuwa ko sassautuwa, yadda ya zo haka zai zauna.

Ga wanda ke kwance kuwa, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, na wando azaba ce gare shi da mai jinyarsa. Zura shi a kwance sai an ɗaga ƙugu, bayan mai jinya ya sha wuya a banza. Mai manne ana juya mutum gefe ɗaya, a cusa rabi a ƙarƙashinsa, a juyo shi a ja ɗaya rabin. Bayansa ya fi faɗi da tsawo, shi ya sa ya fi riƙe zubar dare, kuma shi ne zaɓi in har da bahaya a ciki. A nan a lura: ƙwayoyin nan ruwa suke sha, ba sa shan bahaya. Abin da ke tare ta shi ne 'yan katangun roba da ke tsaye a gefen cinya, don haka mai wannan matsala ya duba katangar, ya manta da lambar ɗaukar ruwa.

Akwai guda biyu a tsakiya da ba a cika ambatarsu ba, kuma sun cancanta. Ɗaya babban ƙunzugu ne da ake riƙewa da wando mai raga wanda ake wankewa. Ƙunzugun kaɗai ake jefarwa, ƙugu na shan iska, ana iya canza shi a tsaye ba tare da tuɓe tufafi ba. In ragar ta saki saboda yawan wanki, ƙunzugun zai zame, a sake ta. Ɗayan mai ɗamara ne: a ɗaura ɗamarar a ƙugu, a jawo gaban ta tsakanin ƙafafu a manna. Ga mai iya tsayawa ya dafa wani abu na minti ɗaya, ban ga wanda ya fi shi sauƙi ga mai jinya ba.

Lambar da ke jikin leda tana ruɗin mutane. In ka ga an rubuta mililita 2,000 ko 3,000, yawanci daga gwajin ISO 11948-1 ta fito: a nutsar da kayan gaba ɗaya cikin ruwan gishiri na minti 30, a tsane shi na minti 5, a auna. A jikin mutum ba haka abin yake ba. Fitsari wuri ɗaya yake sauka, nauyin jiki na danne shi, gefe da ƙarshen baya sau da yawa ko jiƙa ba sa yi. Abin da zai riƙe da gaske ya yi ƙasa da wannan lamba sosai. Alamar ɗigo-ɗigo da ake zanawa kuwa kowane kamfani da nasa ma'auni, ɗigo shida na wannan ba shi ne shida na wancan ba.

Yawancin yoyon da ake ɗora wa kaya laifinsa daga girma yake, ko daga yadda aka sa. Mutane na zaton babba ya fi ɗauka. Girma awon jiki ne kawai, ƙarfin sha kuma dabam ake rubuta shi. A sa tef ɗin tela a auna ƙugu a daidai cibiya, a auna kwankwaso a inda ya fi faɗi, a ɗauki wanda ya fi yawa a duba jadawalin kamfanin. Wanda ya yi yawa yana barin rata a cinya, fitsari ya bi ta nan kafin a shanye shi. Wanda ya matse yana yanka fata. Kafin a sa, a ninka shi biyu a tsaye ya yi kamar kwalekwale, katangun gefe su miƙe, kada a kakkaɓe shi don ƙwayoyin ciki za su taru wuri guda. A shigar daga gaba zuwa baya. Mannen ƙasa a ja shi ya kalli sama, na sama ya kalli ƙasa. A bi gefen cinya da yatsa a fito da robar da ta lanƙwashe. Ga namiji, al'aurarsa ta kalli ƙasa, in ba haka ba ta saman ƙugu zai fito komai tsadar kayan.

Dabarar da na fi ƙi ita ce haɗa biyu, a sa ƙunzugu a cikin famfas. Bayan ƙunzugun leda ne, ruwa ba ya ratsa shi. In ya cika sai ya malala ta gefe, kuma kaurinsa ya ture katangun daga jikin cinya. In ana son ƙari, akwai shimfiɗa ta musamman marar leda a baya, wadda in ta ƙoshi take miƙa sauran ga na ƙasa. Da dare ake buƙatarta, musamman ga mai kumburin ƙafa, domin in ya kwanta ruwan ƙafar yana komawa jini, ƙoda ta fitar da shi. Shi ya sa na rana da na dare bai kamata su zama iri ɗaya ba. Mai sauƙi da rana, mai ƙarfi da dare.

Fata ce ke biyan bashin kowane kuskure. Fitsarin da ya daɗe yana jiƙa ta ta yi laushi, ƙwayoyin cuta su juya shi ya zama mai ƙuna, in ya gauraya da bahaya abin ya ninka. Daga ja sai saɓa, daga saɓa sai gyambo, musamman ga na kwance. Bahaya ba a jira, nan take ake canzawa. Na fitsari a duba layin da ke canza launi a waje, in ya kai kashi biyu cikin uku a canza. A wanke da ruwa mai ɗumi da abin wanki marar ƙarfi, a tsane da dannawa ban da gogewa. Man kariya siriri ake shafawa, yadda za a ga fata ta cikinsa. Basilin da aka lafta da hoda suna toshe fuskar kayan, fitsari ya kasa shiga ya kwanta a kan fata, a zo ana cewa famfas ɗin ne marar kyau.

Na wankewa suna da amfani ga ƙaramar zuba, ba sa yi wa mai yawa ko mai bahaya, kuma sinadarin tausasa tufafi yana kashe shansu. Shimfiɗar gado, mai santimita 60 da 90, katifa take karewa, ba ta maye gurbin abin da ke jiki. Maza masu zuba mai yawa suna da wata hanya: robar da ake sawa a waje kamar kororon roba, a haɗa ta da jakar ƙafa da rana, da jakar lita 2 da dare. Ana canza ta kowane awa 24, kuma dole ma'aikacin lafiya ya auna girman, don mai matsewa na iya raunata mutum.

Duk wannan tarewa ce, ba magani ba, kuma zuba da yawa tana da magani. Motsa tsokar ƙasan mara na aƙalla wata uku yana taimakon mai ɗigon tari. Taurin bahaya, ciwon sanyin mafitsara, ciwon suga da maganin da ke sa yawan fitsari duk suna ƙara ta. Matar da ke yoyo ba tsayawa tun bayan doguwar naƙuda aikin tiyata take buƙata. Jini a fitsari, zubar da ta fara kwatsam, ko mara ta cika fitsari ya ƙi fita, a je asibiti ranar. Kada kuma a rage wa mutum ruwan sha don kayan su daɗe, fitsari mai kauri ya fi tsokanar mafitsara, ya fi zarni.

Katan ɗin ya jira tukuna. A sayi ƙaramar leda ta iri biyu, a gwada kowanne kwana uku da dare uku, a duba cinya ko akwai shatin roba, a duba zanin gado da safe, a tambayi mai sawa wanne ya fi masa. In nauyinsa ya sauya ko ya daina tashi, a sake awon daga farko.