Kun sa wa ɗakin kwaɗo, to ina yaran za su je?

Tun ranar Asabar nake danne zuciyata, na ce ba zan tanka ba tunda akwai masu furfura a cikin maganar. Amma jiya bayan Isha'i na biyo ta kwalbatin nan na bayan makaranta, na tarar da uku daga cikin yaran da ke zuwa ɗakinmu na rubuta waƙa a zaune cikin duhu. Ɗaya ya juya mini ƙeya don kada in gane shi. Na gane shi sarai. Don haka yau zan yi magana, wanda zai ji haushi ya ji.

Abin da kwamitin unguwa ya yi kuskure ne, kuma babban kuskure. Kun zo ku shida, kun sami yara 17 a ɗaki ɗaya, ƙofa a buɗe, ni ina zaune a bakin ƙofar da jan birona ina duba rubutunsu. Kuka ɗauke sifika, kuka kwashe littattafansu, kuka sa wa ɗakin kwaɗo, kuka fita kuna cewa kun kashe fitina. Ko mutum ɗaya a cikinku bai tsaya ya saurari baiti guda ba. An ce muku "hip hop suke yi", shi ke nan, an yanke hukunci. Iyayena, da girmanku da komai, tambaya ɗaya nake da ita, kuma ita zan yi ta maimaitawa har sai an ba ni amsa: yanzu da kuka rufe, ina za su je?

Ba a duniyar wata muke zaune ba. Kowa ya san abin da ke jiran yaro ɗan shekara 16 a lungunan Kano daga La'asar zuwa dare. A 2018 sai da BBC ta fito da binciken nan a kan kodin, duniya ta ga 'ya'yanmu a ɗaure da mari, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. An hana kodin, yara suka ƙara dulmiya cikin tiramol da sholisho da abubuwan da ni kaina kunyar faɗar sunansu nake ji. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. Ga faɗan daba, ga ƙwacen waya. Duk wannan yana nan a buɗe, ba kwaɗo a jikinsa. Ɗakin da yara ke zama da biro da takarda shi ne ya tsone muku ido?

Bari in ba ku labarin yaro ɗaya, ba zan kama suna ba, mahaifiyarsa ta yarda in faɗa a haka. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 15. Tun daga ranar sadakar uku yaron nan ya ɗinke bakinsa. Ya daina zuwa makaranta, ya daina cin abinci da 'yan'uwansa, har ranar da uwar ta ɗaga katifa ta ga kwalabe. Kawunsa ya yi masa dukan da ya kwana biyu bai tashi ba. An yi rubutu, an yi addu'a, kuma ni na yi imani da addu'ar uwa. Amma yaron bai buɗe baki ba. Abokinsa ne ya jawo shi ɗakin nan namu. Asabar uku yana zuwa ya zauna a ƙarshen benci, hula a rufe da ido, ko sallama ba ya amsawa da ƙarfi. Ban matsa masa ba. A Asabar ta huɗu ya miƙo hannu ya yagi falle ɗaya daga littafin na kusa da shi.

Abin da ya rubuta a kan keken babansa ne. Keken yana nan jingine a soro tun ranar da aka fita da gawa, ba wanda ya taɓa shi, tayoyin sun sace, ƙura ta rufe sirdin, shi kuma kullum sai ya raɓa ta gefensa zai fita, yana kauce masa kamar mutum ne a tsaye. Ya tashi zai karanta, takardar tana rawa a hannunsa. Wani yaro ya fara buga masa kiɗa a kan benci, tafin hannu da gindin biro, a hankali, don ya sami abin da zai jingina muryarsa. Ya yi layi huɗu ya sarƙe. Ya sake daga farko. Da ya gama ɗakin ya yi tsit, sai wani daga baya ya ce, "Don Allah maimaita wurin tayoyin nan." Wallahi a ranar na fara jin yaron nan ya ce "babana ya rasu" da bakinsa, bayan wata 11. Ban ce waƙa ce kaɗai ta raba shi da kwalba ba, akwai likita a ciki, akwai hawayen uwarsa a kan sallaya. Amma ƙofar da maganar ta fito ta nan ce, kuma littafin da wannan fallen ke ciki yana cikin waɗanda kuka kwashe. Shi ne wanda ya juya mini ƙeya jiya. Ku gaya mini, ina zai je?

Mu Hausawa mun iya ce wa yaro "yi haƙuri", mun iya ce masa "kai namiji ne, namiji ba ya kuka". Abin da ba mu tanadar masa ba shi ne inda zai sauke abin da ya haɗiye. Idan damuwa ta yi masa yawa aka ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, dangi su ce za a ja musu abin gori, wai an ce ɗansu mahaukaci ne. Ko da an yarda a je asibitin, likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, a cikin mutum sama da miliyan 200. Sai a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da dokar 1958 ake aiki. Wannan shi ne halin da ake ciki. Ciwon da ba a faɗa ba kuwa ba ya mutuwa, hanya yake nema, ko ya fita ta baki ko ya fita ta wuƙa.

Masu cewa ihu ne kawai da tsalle-tsalle, ku zo ku gwada rubuta layi 16 masu ƙafiya ɗaya, kowane layi ya zauna daidai a kan kiɗa. Na ga yaron da malamansa suka sallama shi a aji yana ƙirga gaɓoɓin kalma da yatsa a kan gwiwarsa, ya soke, ya sake, ya zo ya tambaye ni ko "ƙunci" da "ƙunshi" za su iya zama a ƙarshen layi biyu. Shekarata 14 ina koyar da Hausa, ban taɓa samun ɗalibin da ya biyo ni har gida a kan gaɓar kalma ba sai a cikin yaran nan. Mako guda yaro yana gyara abu ɗaya, ranar Asabar ya tashi a gaban sa'o'insa, su ce masa wuri kaza bai yi ba. Ya ji zafi, ya koma, ya dawo da gyara. Idan suka yi karawar baka wani ya kayar da wani, dole a yi musabaha kafin a zauna. Masu rawar kuma kwali suke shimfiɗawa a kan siminti, yaro ya faɗi sau 30 a kan juyi ɗaya, gwiwar hannu duk ta saɓule, ya tashi ya sake. In ba wannan ce juriya ba, mece ce ita? Wanda ya saba shan kaye a gaban jama'a ya dawo mako mai zuwa, faɗuwa jarrabawar JAMB ba za ta kai shi ga kwalba ba. Sannan akwai abin da ya fi duka: idan yaro bai zo ba, kafin Magariba mutum uku sun je ƙofar gidansu sun tambaya ko lafiya. Yara nawa ne a unguwar nan ke da wanda zai lura ba su zo ba?

Na ji ana ta cewa al'adar Turawa ce. Haba jama'a. Ƙwallon ƙafa daga ina ta zo? Ba daga Ingila ba? Wa ya taɓa sa wa gidan kallon ƙwallo kwaɗo don wannan dalili? Kuma magana mai sauri a kan kiɗa, wadda mutum zai wasa kansa ya yi wa abokin karawa habaici, ai mu ba baƙonmu ba ce. Ɗan dambe kafin ya shiga fage me yake yi in ba kirari ba? 'Yan gambara da ke zaga kasuwanni suna zuba magana kamar ruwan sama fa? Ba banza ba gidajen rediyonmu ke kiran abin nan gambarar zamani. Kunnen Bahaushe ya san shi tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙirƙiro sifika.

Ko a can inda aka ce ya fito, ku san waɗanda suka fara shi. Unguwar Bronx ce a birnin New York, unguwar talakawa baƙaƙen fata da 'yan ci-rani, a lokacin da masu gidajen haya ke cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora, matasa kuma sun kasu ƙungiya-ƙungiya suna sarar juna. Ranar 11 ga Agusta 1973 wani saurayi ɗan asalin Jamaika, Kool Herc, ya sa faifai a wani ɗan taro da ƙanwarsa ta haɗa don ta sami kuɗin kayan komawa makaranta. Daga wannan ɗakin ake lissafin farkon abin. Yaran da gwamnati ta manta da su ne suka samo hanyar yin gasa ba tare da an zubar da jini ba. Rawar da kuka ce iskanci ce, a 2024 an ba da lambar zinare a kanta a gasar Olamfik a birnin Paris.

In kun ce Amurka ta yi nisa, to ga Senegal, ƙasar Musulmi, ƙasar Tijjanawa da Muridawa, inda wasunku ke zuwa Maulidin Kaulaha. A unguwar Pikine ta birnin Dakar akwai cibiyar Africulturban tun 2006, mawaƙin gambarar zamani ne ya kafa ta, ana koya wa matasa kiɗa da ɗaukar hoto da sana'a. A Guédiawaye akwai cibiyar G Hip Hop, masu ita har gidan yari suke shiga suna aiki da matasan da ke tsare, in sun fito su sami wurin da za su dafa. A 2011 mawaƙan Keur Gui, 'yan Kaulahar nan dai, su da wasu 'yan jarida suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre saboda ɗauke wutar lantarki ta ishe su, suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yin rajistar zaɓe. Shehunan ƙasar suna nan, zawiyoyi a cike, addini bai ragu da komai ba.

Batun batsa da zagi kuwa, e, akwai su a cikin wasu waƙoƙin, ban musa ba, ni ma akwai waɗanda ba zan bari a sa a gidana ba. To sai me? A ɗakin nan dokarmu a rubuce take a jikin bango da alli, da kun ɗaga kai da kun gani: ba ashar, ba zagin iyayen wani, ba a shigowa a buge, ana kiran salla a ajiye komai. Yaran ne da kansu suka tsara ta, su suke korar wanda ya karya. Kun rufe wurin da ake tace abin da yaro zai faɗa, kun bar shi da wayarsa da TikTok cikin dare, inda ba mai ce masa kul. Wace tarbiyya aka tsare a nan? Wanda ya ce mini su koma islamiyya, 12 daga cikin 17 ɗin nan suna zuwa islamiyya, biyu sun sauke. Asabar da yamma ce kawai muke haɗuwa, awa biyu da rabi. Ba wanda ya buɗe musu wani abu a madadin wannan lokacin. Filin ƙwallon da muka taso muna bugawa an yanka shi an yi shaguna, kuna gani ba ku ce uffan ba.

Ban ɗauke ku maƙiyan yaran nan ba, Allah ya sani. Tsoro ne ya sa ku, irin tsoron da kowane uba ke kwana da shi a garin nan, ni ma ina da 'ya'ya. Roƙona ɗaya: ku zo ranar Asabar, a shimfiɗa muku tabarma, ku zauna awa ɗaya. In kun ji kalma ɗaya da ta saɓa wa tarbiyya, da hannuna zan mayar da kwaɗon. Sifikar ma ku riƙe, benci da biro sun ishe su kiɗa. Littattafan dai ku dawo da su, sirrin yara ne a ciki, akwai abin da ko iyayensu ba su sani ba.

Kuma don Allah wanda littafin nan mai koren bango yake hannunsa ya kula da shi, kada a ɗauka laya ce ko wani abu a ƙona. Na wani almajiri ne da ke mana ɗiban ruwa, bai yi boko ba, da ajami yake rubuta baitocinsa, daga dama zuwa hagu, da wasali da komai, rubutu mai kyau kamar na mai rubuta allo. Ranar da na fara gani na daɗe ina juya shafukan. Sauran yaran 'yan boko ba mai iya karantawa, sai shi ya riƙa koya musu baƙaƙen, su kuma suna nuna masa na boko.