Salama a wurin Kirista ba rashin wahala ba ce

Mutane da yawa suna ɗauka cewa salamar da Kiristoci ke magana a kanta tana nufin rayuwa marar wahala, har wasu masu bi sukan zargi bangaskiyarsu idan ciwo ko rashi ya same su. Wannan kuskure ne mai ban tausayi, domin yana ƙara wa mai wahala nauyi.

A daren da aka kama shi, Yesu ya yi wa almajiransa alkawarin salama, amma a wannan zaman ne ya gaya musu cewa za su sha tsanani a duniya, kamar yadda Yohanna 16:33 ta nuna. Manzo Bulus ma yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa, wato masu bi na birnin Filibi, game da salamar Allah wadda ta fi gaban ganewar mutum. Tushenta, bisa Romawa 5:1, shi ne sulhu da Allah ta wurin Almasihu.

Ana nemanta ta addu'a da godiya, da kuma gyara tsakani. A Matiyu 5:23-24, wanda ya kawo baiko, wato kyauta ga Allah, ya tuna ɗan'uwansa yana riƙe da shi, an ce ya ajiye baikon a gaban bagade, wato wurin miƙa hadaya, ya fara zuwa su shirya.