Allurar Anti-D: kada tsoro ya hana ki karɓa

'Yan uwana mata, musamman amare da masu cikin fari, ke kin san rukunin jininki? Ba jinotayif nake nufi ba, na AA da AS da ake rububin yi kafin ɗaurin aure. Alamar nan nake nufi da ke gaban O ko A ko B a katin awonki, fozitif ce ko negetif. Idan taki negetif ce, ke ce maganar allurar Anti-D ta shafa.

Wata maƙwabciyarmu ta haifi ɗan farinta a gida lafiya ƙalau, aka yanka rago, aka sha wankan jego. Na biyu ko kwana bai cika ba idanunsa suka yi rawaya sharr, shawara ta kama shi. Na uku bai zo da rai ba. Aka ce wabi ne, aka ce iska ce, aka yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe. Sai a ciki na huɗu wata nas ta sa aka gwada jininta, ashe negetif ce, mijin kuma fozitif.

Idan uwa negetif ce, ɗan cikinta kuma ya ɗauko fozitif na ubansa, jininsa kan ɗan tsallaka cikin nata, galibi wajen haihuwa. Jikinta sai ya ga baƙon abu, ya haɗa masa sojoji. Ɗan fari ya riga ya fita, ya sha. Ƙannensa ne ke tarar da sojojin nan a shirye, su bi ta mabiyiya su dinga farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini tun suna ciki.

Anti-D ita ma sojojin garkuwa ce, daga ruwan jinin masu ba da gudummawa ake tace ta. Tana hana jikin uwa haɗa nasa sojojin. Ana yin ta wajen mako na 28 na ciki, sannan cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitif ne. Haka bayan ɓari, ko zubar jini, ko cikin wajen mahaifa, ko buguwa a ciki. Ɓarin nan da muke ɓoyewa don kunya, mu yi shiru a ɗaka, shi ma yana cin mu. Idan jiki ya riga ya haɗa sojojinsa, aikin gama ya gama, allurar ba ta da abin yi, sai dai likita ya dinga bin cikin sau da ƙafa.

Na ji masu cewa tana nakasa yaro ko tana tsayar da haihuwa. Haba! Likitocin Libaful a Ingila da na Niyok a Amurka ne suka gano ta, kuma tun 1968 ake yi wa mata ita. Abin da aka fi gani shi ne ciwon wurin allurar ko ɗan zazzaɓi. Da wuya jiki ya ƙi ta, shi ya sa ake cewa ki ɗan zauna a asibiti bayan an yi miki, a ga yanayinki.

Tana da tsada, ba zan ɓoye miki ba. Ki faɗa wa maigida tun cikin yana ƙarami, ya sa ta a lissafi gaba da kuɗin ragon suna. Kuma a firji ake ajiye ta. Idan ya sayo ta a kemis, ya taho da ita a cikin kula mai ƙanƙara, kada ya jefa ta aljihun riga ya hau babur da tsakar rana.